Gandun Dajin Arctic a Alaska: Doka Ta Buɗe Ƙofar Haƙar Mai, Kamfanoni Sun Ƙi Shiga

Ranar 6 ga Janairun 2021, yayin da hankalin duniya ke kan tarzomar da ta ɓarke a ginin majalisar dokokin Amurka, jami'an hukumar kula da filayen tarayya a birnin Anchorage na jihar Alaska suna can suna buɗe takardun masu tayin hayar filin haƙar mai a cikin gandun namun daji na Arctic. Shekara 40 aka yi ana kai ruwa rana kafin a zo wannan gwanjo. Ofishin kasafin kuɗi na majalisa ya ƙiyasta cewa gwamnatin tarayya za ta samu kusan dala biliyan 1 daga hayar filayen cikin shekara 10. Da aka haɗa tayin ranar, dala miliyan 14.4 ya tashi. Fili 22 aka kai kasuwa, 11 kawai aka taya, kuma 9 daga cikinsu AIDEA ce ta taya, wata hukumar gwamnatin jihar Alaska wadda aikinta ba da rance da zuba jari ne. Babu ExxonMobil, babu ConocoPhillips, babu Chevron.

Gandun yana kusurwar arewa maso gabashin Alaska, Kanada na gabas da shi, Tekun Beaufort na arewa. Faɗinsa eka miliyan 19.3 ne, kimanin murabba'in kilomita 78,000, wato ya ɗara jihar Neja kaɗan. Gwamnatin Eisenhower ce ta fara keɓe eka miliyan 8.9 a 1960, sannan a Disambar 1980 Jimmy Carter ya sa hannu kan dokar da ta ninka shi. Wuri guda 'yan majalisa suka kasa daidaitawa a kansa: wani zirin fili mai eka miliyan 1.5 da 'yan kai tsakanin duwatsun Brooks da bakin teku. Dalili kuwa, a 1968 an gano mai a Prudhoe Bay, mafi girman filin mai a Arewacin Amurka, kilomita 100 kacal yamma da iyakar gandun. Sai suka jingine maganar. Sashe na 1002 na dokar ya ce a binciki zirin, sashe na 1003 ya ce ba mai haƙo ko ganga ɗaya sai majalisa ta sake amincewa. Daga nan wurin ya samu sunan da kowa ke kiransa da shi, yankin 1002.

Sau uku masu son haƙa suna kai wa bakin gaci su faɗi. A Maris ɗin 1989 kwamitin makamashi na Majalisar Dattawa ya amince, kwanaki kaɗan bayan haka jirgin Exxon Valdez ya yi karo da dutse ya malalar da galan miliyan 11 na ɗanyen mai a kudancin Alaska, maganar ta mutu. A 1995 majalisa ta saka shi a kasafin kuɗi, Bill Clinton ya hau kujerar na-ƙi. A Disambar 2005 Sanata Ted Stevens ya maƙala shi a kasafin tsaro, ya samu ƙuri'a 56, ana buƙatar 60. Sai a 2017 Sanata Lisa Murkowski ta bi ta ɓarauniyar hanya, ta cusa shi cikin dokar rage haraji, wadda ake zartarwa da ƙaramin rinjaye muddin abin da aka saka ya shafi kuɗin shiga. Shi ya sa alƙaluman dala biliyan 1 ɗin nan ke da muhimmanci: su ne hujjar shigar da gandun daji cikin dokar haraji. Dokar ta wajabta gwanjo biyu, kowanne aƙalla eka 400,000, kason gwamnati kashi 16.67 cikin 100 na man da aka haƙo, a raba kuɗin biyu daidai tsakanin tarayya da Alaska, kuma gine-ginen aikin kada su rufe fiye da eka 2,000.

Mai nawa ne a wurin?

Adadin da ake ta yawo da shi, ganga biliyan 10.4, ya fito ne daga ƙiyasin hukumar binciken ƙasa ta Amurka na 1998. Matsakaici ne: ƙiyasin ya kama daga biliyan 5.7 zuwa biliyan 16, kuma ya haɗa da filayen 'yan asalin yankin da ruwan gaɓa na jiha. In filin tarayya zalla ake nufi, matsakaicin biliyan 7.7 ne. Sannan wannan man da fasaha za ta iya fitarwa ne, wanda zai biya kuɗin fitar da shi bai kai haka ba, kuma yana hawa da sauka da farashin ganga. Amurka na shan kusan ganga miliyan 20 a rana, saboda haka biliyan 7.7 abincin shekara ɗaya ne da 'yan kwanaki. Masu adawa suna son wannan lissafi, amma akwai ha'inci a cikinsa, don ba a zuƙe filin mai a shekara guda, ana tatsarsa ne shekara 30 ko 40.

Abin da ya fi damun ɗan kasuwa shi ne tushen ƙiyasin. An gina shi ne kan awon ƙarƙashin ƙasa da aka yi a hunturun 1984 da 1985, layuka masu tsawon kusan mil 1,400, da tsohuwar fasahar da ke nuna dutse a yanke gefe ɗaya, tsakanin layi da layi kuwa kilomitoci ne da ba a san abin da ke cikinsu ba. Rijiyar gwaji ɗaya tak aka taɓa haƙawa, ana kiranta KIC-1. Chevron da BP ne suka haƙa ta tsakanin 1985 da 1986 a filin mutanen Kaktovik, zurfinta ya kai ƙafa 15,000, ta ci kusan dala miliyan 40, aka toshe ta, aka kulle sakamakon har yau. A 2019 jaridar New York Times ta bi diddigin wata tsohuwar shari'a ta ruwaito cewa abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Rijiya ɗaya ba ta yanke hukunci kan fili mai eka miliyan 1.5. Amma ya kamata a lura cewa kamfanoni biyun da suka ga sakamakon da idonsu ba su taya ko eka ɗaya ba: BP ya sayar wa kamfanin mai na Hilcorp duk kadarorinsa na Alaska kan dala biliyan 5.6 ya bar jihar a 2020, daga baya Chevron da Hilcorp suka biya kuɗi don a sallame su daga tsohuwar hayar da ke wancan fili. Duk wanda ya taya a 2021 cinikin biri a sama ya yi.

Ƙiyasin 1998 ya nuna wani abu da ba a cika ambata ba. Man ba a tare yake a katafaren rumbu guda irin na Prudhoe Bay ba, ana sa ran warwatse yake a matsakaitan rumbuna da dama, kuma mafi yawansa a yammacin zirin, kusa da kogin Canning. Warwatsen mai na nufin dandamalin kafa injinan haƙa da yawa, da bututan da za su sada su.

Yadda ake aiki a kan daskararriyar ƙasa

Ƙasar wurin a daskare take shekara da shekaru, zurfin ɗaruruwan mitoci, sai 'yar fatar sama da ba ta kai mita ɗaya ba ke narkewa da bazara. Gansakuka da ciyayin da ke lulluɓe da ita su ne ke kare ƙanƙarar ƙasa daga zafin rana. In tayar mota ta yage su, ƙanƙarar da ke ƙasa ta narke, wurin ya lotsa, ruwa ya taru, ruwan ya ƙara jawo zafi, ramin ya ci gaba da faɗaɗa da kansa. Sawun motocin awo na 1984 da 1985 an ci gaba da ganin wasu daga jirgin sama bayan fiye da shekara 25.

Saboda haka duk aikin bincike da hunturu ake yinsa. A filayen jihar da ke maƙwabtaka, ba a ba mota izinin hawa sai dusar ƙanƙara ta kai inci 6 a bakin teku, inci 9 a gindin duwatsu, kuma sanyin ƙasa a zurfin santimita 30 ya kai digiri 5 ƙasa da sifili. A shekarun 1970 wannan dama takan kai kwana 200 a shekara. Zuwa farkon shekarun 2000 ta ragu zuwa kusan 100. Ɗumamar yanayin da man ke haddasawa ita ce ke taƙaita wa masu nemansa lokacin aiki.

Matakin farko awon zamani ne mai nuna dutse ta kowace fuska. Manyan motoci masu nauyin tan 40 suna dafa wani faranti a ƙasa su jijjiga ta, dubban na'urorin saurare su ɗauki amsar da ke dawowa daga duwatsun ƙasa. Shirin da kamfanin SAExploration ya gabatar a 2018 ya sa tazarar mita 200 ne tsakanin layi da layi, a shimfiɗa su kamar raga a kan zirin gaba ɗaya, ga ayarin tirelolin kwanan ma'aikata da ake jan su a kan dusa. Mataki na biyu rijiyar gwaji, kuma kafin injin haƙa ya isa wurin sai an gina masa hanyar ƙanƙara: a daddanne dusa, a riƙa kwarara ruwa yana daskarewa har kaurinsa ya kai inci 6. Kowane mil ɗaya yana cin kusan galan miliyan 1, wato lita miliyan 3.8.

A nan ne yankin 1002 ya bambanta da Prudhoe Bay, kuma injiniyoyi sun san haka ko da 'yan siyasa ba su faɗa ba. Prudhoe shimfiɗaɗɗen fili ne cike da tafkuna. Yankin 1002 tuddai ne da kwaruruka, tafkunansa kaɗan ne, kuma tafkin da zurfinsa bai kai mita 2 ba yakan daskare har ƙasa kafin ƙarshen hunturu. Ɗan ruwan da ya rage a ƙarƙashin ƙanƙarar koguna da idanun ruwa, nan kifi ke fakewa har bazara, in aka zuƙe shi an kashe su. Hanyar ƙanƙara kuma ba ta zama a kan gangara mai tsauri. Iskar wurin tana share dusa daga kan tuddai ta tara ta a kwari, don haka inci 6 ɗin da ake buƙata ba ya samuwa bai ɗaya. Inda ƙanƙara ta gagara, sai tsakuwa, ita kuwa tsakuwa in an zuba ta ta zauna ke nan.

In an samu man, aikin dindindin kan tsakuwa yake dole. Ana tara ta kaurin ƙafa 5 a yi dandamali, don zafin injuna da na man kada ya narkar da ƙasa. Bututu ana ɗora shi kan turakun ƙarfe, a sababbin filaye tsayin ƙafa 7 daga ƙasa don dabbobi su wuce ta ƙarƙashi. Fasaha ta ci gaba ƙwarai a nan: dandamalin shekarun 1970 yakan ci eka 65, na yanzu eka 12 zuwa 14 ne, kuma rijiya na iya karkata ta yi tafiyar mil 6 ko 7 a kwance. Wannan ita ce hujjar masu cewa eka 2,000 sun isa. Sai dai a duba yadda dokar ta ƙirga su: dandamali, filin saukar jirgi, da gurbin da turakun bututu suka taka. Bututu mai tsawon mil 50 ƙafafunsa kawai ake aunawa, hanyar ƙanƙara ba ta cikin lissafi, kuma dokar ba ta ce ekokin su kasance a haɗe ba. Eka 2,000 da aka yayyanka aka watsa, aka ɗinke da bututu, tana iya ratsa zirin daga wannan gefe zuwa wancan.

Malala ma ba sai jirgi ya kife ba. A Maris ɗin 2006 wani bututun BP a Prudhoe Bay ya huje saboda tsatsa, fiye da galan 200,000 suka zube a ƙarƙashin dusa, aka yi kwanaki kafin wani ma'aikaci ya ji warin. An yi shekaru ba a tura na'urar kankare cikin bututun ba, laka ta kwanta a ƙasansa, ƙwayoyin da ke cin ƙarfe suka samu mafaka.

Garken karibu da ramukan beyar

Karibu wata irin barewa ce ta ƙasashen sanyi, mace da namiji duk da ƙaho. Garken da ake magana a kansa ana kiransa Porcupine, sunan wani kogi. Ƙidayar 2017 ta ba da 218,000, bayan ya faɗi zuwa 123,000 a 2001. Da hunturu yana kudu da duwatsu a Alaska da Yukon ta Kanada, da bazara matan da ke da ciki su yi gaba zuwa bakin teku, su haihu kusan lokaci guda a makon farko na Yuni. Abu uku ke kai su can. Ciyawar da ke tohowa da zarar dusa ta janye tana ba uwa nono. Kyarketai da gaggafa da beyar masu ruwan ƙasa, wasu manyan namun daji masu farauta, sun fi yawa a gindin duwatsu. Sannan in sauro ya taso a ƙarshen Yuni, iskar teku ce mafakarsu, don sauron wurin yana iya hana dabba kiwo har ta rame.

Masu son haƙa suna kafa hujja da garken da ke zaune a Prudhoe Bay, wanda ya tashi daga kusan 5,000 a tsakiyar shekarun 1970 zuwa kusan 70,000 a 2010, duk da bututu da hanyoyi. Gaskiya ne, kamar yadda yake gaskiya cewa ya faɗo zuwa kusan 22,000 a 2016, kuma ba a ɗora wa mai laifin faɗuwar ba. Abin da binciken wancan garke ya tabbatar shi ne uwa mai jego tana ƙaurace wa hanya da dandamali da tazarar kusan kilomita 4. A Prudhoe tana da inda za ta koma, don filin ya kai mil 100 tsakanin teku da duwatsu. A yankin 1002 faɗin mil 15 zuwa 40 ne, garken kuma ya ninka wancan sau da yawa. Rahoton hukumar binciken ƙasa na 2002 ya ƙiyasta cewa in aka tura wurin haihuwa kilomita 27, rayuwar 'ya'yan a watan Yuni za ta ragu da kusan kashi 8 cikin 100, alhali ragin da bai kai kashi 5 ba ya isa ya tsayar da haɓakar garken. Lissafin kwamfuta ne, kuma akwai shekarun da garken ke haihuwa a ɓangaren Kanada da kansa in dusa ta tare masa hanya. A irin waɗannan shekaru ma yakan shigo yankin 1002 bayan haihuwa.

Aikin hunturu yana kauce wa karibu amma yana faɗa wa farin beyar. Na kudancin Tekun Beaufort sun ragu da kusan kashi 40 cikin 100 tsakanin 2001 da 2010, suka koma wajen 900. Da ƙanƙarar teku ta yi rauni, mata da yawa sun koma haƙa ramin haihuwa a cikin tulin dusa a kan tudu, su haihu a Disamba ko Janairu, ba sa fitowa sai Maris ko Afrilu, daidai lokacin da motocin awo ke aiki. Ramin ba ya ganuwa daga waje. Ana nemansa ne da kyamarar gano zafin jiki daga jirgin sama, a kewaye shi da tazarar mil ɗaya, amma wani bincike da aka wallafa a 2020 ya gano cewa kyamarar tana kama kashi 45 ne kawai cikin 100 na ramukan. Iska, ko dusa mai kauri a saman ramin, ta isa ta ɓoye shi.

Mutanen Kaktovik da mutanen Gwich'in

Kuskure ne a ɗauka rigimar tsakanin kamfanoni ce da 'yan asalin ƙasa. Ƙauye ɗaya ne a cikin gandun, Kaktovik, na ƙabilar Inupiat, mutum kusan 280 a kan tsibirin Barter. Kamfanin ƙauyen ya mallaki eka 92,000 a bakin tekun, arzikin ƙarƙashinsu kuma na kamfanin yankinsu ne, ASRC, bisa wata musayar fili da ya yi da gwamnati a 1983; kamfanonin biyu sun samo asali ne daga dokar 1971 da ta biya 'yan asalin Alaska da fili da kamfanoni. Daga 1980 har zuwa dokar 2017 ba su da ikon taɓa man da ke ƙarƙashin filinsu sai majalisa ta yarda. Ƙaramar hukumarsu tana samun fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗinta daga harajin kayan aikin mai, da shi aka gina makarantu, dakunan shan magani da famfo a ƙauyukan da babu hanyar mota zuwa cikinsu. Shugabanninsu suna goyon bayan haƙa a tudu, ko da yake akwai masu ja a cikin garin, kuma sun fi ɗari-ɗari da haƙa a teku, inda suke farautar katon kifin wel.

Gwich'in kuwa suna kudu da duwatsu, a ƙauyuka kusan 15 da suka ratsa iyakar ƙasashen biyu, irin su Arctic Village da Venetie a Alaska da Old Crow a Kanada. Naman karibu ne abincinsu, a wuraren da kayan kanti sai jirgin sama ke kawo su. A 1988 suka yi babban taro a Arctic Village suka yanke shawarar yin magana da murya ɗaya kan kare wurin haihuwar garken, kuma ba su sauya ba. Ba su da kaso a kuɗin man in ya fito, asarar garken kuwa a kansu za ta sauka. Kanada na bayansu, tana kafa hujja da yarjejeniyar kare garken da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a 1987.

Ita jihar Alaska bututunta take ji. Mai tsawon mil 800 ne daga Prudhoe zuwa tashar Valdez, an gama shi a 1977, ya ɗauki ganga miliyan 2 a rana a 1988, yanzu bai kai 500,000 ba. In man ya yi kaɗan tafiyarsa takan yi nawa: abin da ke isa cikin kwana huɗu da rabi yanzu yana haura mako biyu, ya huce a hanya, danƙon da ke cikinsa ya manne a bango, ruwan da ke gauraye da shi ya ware ya daskare. Jihar ba ta karɓar harajin albashi, kuma tun 1982 tana raba wa kowane mazauni kaso duk shekara daga asusun da aka gina da kuɗin mai.

Abin da ya hana kamfanoni

Hujjar tsaron makamashi ta yi ƙarfi lokacin da haƙon Amurka ya faɗi zuwa ganga miliyan 5 a rana a 2008. Man da ake fasa dutse a fitar a Texas da Dakota ta Arewa ya kai shi sama da miliyan 13. Shi ne man da ya kori ɗanyen man Najeriya daga matatun Amurka, bayan a tsakiyar shekarun 2000 ana kai musu fiye da ganga miliyan 1 a rana, kuma shi ne ya rage wa yankin 1002 daraja. Rijiyar Texas tana fara biya cikin watanni. A Alaska ma akwai inda ya fi sauƙi: aikin Willow na ConocoPhillips, da aka amince da shi a Maris ɗin 2023 can yamma, an riga an tabbatar da mansa, ana sa ran ganga 180,000 a rana. Ga manyan bankunan Amurka shida, daga Goldman Sachs a ƙarshen 2019 zuwa Bank of America a ƙarshen 2020, sun sanar cewa ba za su ba da rancen haƙa a yankin ba. Ko ga mai shan fetur ribar ba ta da yawa: hukumar ƙididdigar makamashi ta ƙiyasta a 2008 cewa man gandun zai rage farashin ganga da kimanin santi 75.

Babban cikas dai lokaci ne. Hukumar ta lissafa a 2018 cewa ko komai ya tafi daidai, gangar farko sai 2031, ƙololuwa ganga 880,000 a rana a 2041. Ga abin da takardun hayar suka gani cikin shekara biyar: Joe Biden ya dakatar da shirin ranar da ya hau mulki, an jingine hayar a Yunin 2021, ƙananan kamfanoni biyun da suka taya suka mayar da nasu a 2022, Sakatariyar harkokin cikin gida Deb Haaland ta soke 7 ɗin da suka rage hannun AIDEA a Satumbar 2023. Gwanjo na biyu a Janairun 2025, eka 400,000 da tsauraran sharuɗɗa, ko mutum ɗaya bai taya ba, Alaska ta ce da gangan aka tsara shi ya faɗi. A Maris ɗin 2025 mai shari'a Sharon Gleason ta ce sokewar ta saɓa doka, don ba a nemi umarnin kotu ba. A Yuli sabuwar doka ta wajabta gwanjo huɗu cikin shekara 10, tare da ɗaga kason jihar zuwa kashi 70 daga 2034, a Oktoba kuma gwamnatin Trump ta sake buɗe zirin gaba ɗaya.

Mai riƙe da haya har yanzu matakin farko ke gabansa, wato awon zamani, kuma ba ya samunsa sai hukumar kula da kifi da namun daji ta ba shi izini kan farin beyar. Kamfanin Kaktovik ya nemi wannan izini a hunturun 2021, ma'aikatar harkokin cikin gida ta ce wa'adin shawagin neman ramukan beyar ya wuce ba a yi ba, hunturun ya tafi a banza. Bayan awo akwai hunturu biyu ko uku na rijiyoyin gwaji, sai nazarin muhalli na aikin dindindin da ƙarar da za ta biyo shi, sai ginin bututun da zai sadu da na filin haƙa na Point Thomson a yammacin iyakar gandun. Kafin a gama waɗannan za a yi zaɓen shugaban ƙasa aƙalla sau biyu.